FILIN SANIN DOKA: Matar karkara da ta kai ƙasa ƙara a Yamai

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, dabbobi sun fara gangarowa daga arewa, makarantun yaƙi da jahilci kuma sun buɗe. Lokacin karatu ne da fira. A watan jiya wannan fili ya yi magana a kan burtali da ɓarnar gona. A wannan wata maganar ta fi nauyi, don ba ta gona ba ce, ba ta dabba ba ce. Maganar mutum ce da ƴancinsa.

Akwai maganganu uku da ake yawan ji a rediyo: dimokuraɗiyya, haƙƙin ɗan Adam, da taimakon ƙungiyoyi. Manomi yakan ji su ya ce zancen ƴan birni ne masu tabarau. Makiyayi yakan ce ba su ƙara wa saniya nono. To, ga labarin wata mace ta karkara, daga ƙasar Ƙwanni, wadda abubuwan nan uku suka fidda ta daga bauta. Sunanta Hadizatu Mani. Labarinta ba tatsuniya ba ce. An yanke shari'arta a Yamai ran 27 ga Oktoba 2008, kuma hukuncin yana nan rubuce.

AN SAYAR DA ITA JIKKA 240

An haifi Hadizatu a 1984. Uwarta baiwa ce. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita ga wani mai hali a ƙasar Ƙwanni. Kuɗinta jikka 240. Ba a tambaye ta ba. An yi cinikinta kamar yadda ake cinikin karsana ran kasuwa.

Mutumin yana da mata huɗu. Sai ya ajiye yarinyar a matsayin wahaya. Wasu suna cewa sa-ɗaka, wasu suna cewa ta biyar. Wahaya ba a ɗaura mata aure. Ba ta da sadaki, ba ta da waliyyi, ba ta da shaidu. Ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai daka, ita ce mai itace, ita ce mai aikin gona. Mai gida kuma yakan zo mata sa'ad da ya ga dama, ko tana so ko ba ta so. An san wannan al'ada a jahar Tawa, wajen Ƙwanni da Illela da Madawa da Buza, har ta ƙetare iyaka zuwa Najeriya.

Haka Hadizatu ta zauna shekara tara. Ta sha aiki, ta sha duka, ta haihu a gidan. Mutanen gari suna gani. Ba wanda ya ce uffan, don kowa ya taso ya tarar ana yi.

DOKA TA DAƊE A TAKARDA

Wani zai ce: ashe babu doka a lokacin? Akwai. Tun 1905 Turawan Faransa suka yi dokar hana cinikin bayi a ƙasashen da suke mulki a Afirka ta Yamma. Ran 10 ga Disamba 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da takardar haƙƙin ɗan Adam mai sharaɗi 30. Sharaɗi na 4 ya hana bauta ko wace iri. A 1981 ƙasashen Afirka suka yi tasu yarjejeniya, sharaɗinta na 5 shi ma ya hana bauta, kuma Nijar ta amince da ita a 1986.

Takardu ke nan har uku. Amma takarda ba ta da ƙafa. Ba ta tashi daga Yamai ta je rugga, ba ta shiga zauren mai gari. Sai an samu mai karanta ta, da mai bakin faɗin abin da ke cikinta, ba tare da tsoron kaso ba. A nan ne maganar dimokuraɗiyya ta shigo.

YADDA BAKI YA BUƊE A YAMAI

Daga 1960 zuwa 1990, ko jam'iyya ɗaya ke mulkin Nijar, ko soja. Mutane ba su da damar kafa ƙungiyar da za ta ce wa hukuma ga inda aka yi kuskure.

Ran 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban jami'ar Yamai suka fito da kukansu. Suna ƙetare gadar Kenedi aka buɗe musu wuta. Uku suka mutu. Wannan jini ya girgiza ƙasa. Ƙungiyoyin ma'aikata suka yi ta yajin aiki. A watan Nuwamba na wannan shekara, shugaban ƙasa Janar Ali Shaibu ya yarda a kafa jam'iyyu da yawa, ya kuma yarda a yi babban taron ƙasa.

Da aka zo naɗa kwamitin shirya taron, mace ɗaya tak aka sa. Ran 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka cika titi, suka tafi har ofishin firaminista. Suka ce ba za a aske musu kai ba sa nan. Aka ƙara musu kujeru. Daga nan ne 13 ga Mayu ta zama ranar matan Nijar.

Babban taron ya buɗe ran 29 ga Yuli 1991 a zauren wasanni na Yamai, ya tashi ran 3 ga Nuwamba. Wakilai sun fi 1,200. Malamin jami'a Andire Salifu ne ya shugabance shi. Ana jin muhawarar a rediyo har ƙauye. Mutane suka ji da kunnensu ana tambayar manya abin da suka yi da dukiyar ƙasa da rayukan mutane. Ran 26 ga Disamba 1992 jama'a suka jefa ƙuri'a kan sabon tsarin mulki. A watan Maris 1993 aka zaɓi Mahaman Usman shugaban ƙasa.

Wannan tafiya ba ta miƙe ba. An yi juyin mulki a 1996, da 1999, da 2010, da 2023. Amma akwai abu ɗaya da aka samu a 1991 wanda ya yi wa talaka rana: damar kafa ƙungiya da yin magana a fili.

TIMIDRIYA

A wannan shekara ta 1991 aka kafa ƙungiyoyi da dama na kare haƙƙin ɗan Adam. Ɗaya daga ciki ita ce ANDDH. Wata kuma ita ce Timidriya. Kalmar ta Tamajak ce, ma'anarta ƴan uwantaka. Ƴan Nijar ne suka kafa ta, da yawansu jikokin bayi ne. Wanda ya daɗe yana shugabantarta shi ne Ilgilas Weila.

Aikinsu ba na bindiga ba ne, ba na sanda ba ne. Suna bin ƙauyuka da mashekarai, suna tara mutane a gindin itace. Suna zama da sarakuna da malamai. Abin da suke faɗi ɗaya ne: ba wanda ya mallaki wani. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

An zage su. An ce suna ɓata sunan ƙasa. An ce babu bauta a Nijar. A 2005 har an tsare Ilgilas Weila na ƴan makonni, sannan aka sake shi. Amma ba su daina ba.

Kafin wannan, ran 13 ga Yuni 2003, aka sa hannu kan wata doka da ta canza komai. Dokar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka. Ta ce wanda ya bautar da mutum, ɗaurinsa daga shekara 10 zuwa 30, da tara daga miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. Ta kuma ba ƙungiyar da ke yaƙi da bauta dama ta shiga shari'a ta tsaya wa wanda aka zalunta. Wato bawa ba zai je gaban alƙali shi kaɗai ba.

TAKARDAR ƳANCI DA BA TA BUƊE ƘOFA BA

Labarin sabuwar doka ya bazu har ƙasar Ƙwanni. Ran 18 ga Agusta 2005, mutumin da ya sayi Hadizatu ya ba ta takardar ƴanci. Ya sa hannu, mai gari ya buga hatimi. Hadizatu ta ce to, za ta tafi. Sai ya ce ina! Ai ke matata ce.

A duba wannan dabara. Jiya baiwa ce, yau an ce mata ce, ita kuwa tana ɗaki ɗaya, tana aiki ɗaya. An canza wa tuwo suna ne kawai.

Hadizatu ta ce za ta je gaida uwarta da ba ta da lafiya. Da ta fita ba ta koma ba. A watan Fabrairu 2006 ta kai ƙara gidan shari'a na Ƙwanni. A watan Maris alƙali ya ce ba aure tsakaninsu, don ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura aure ba, ba a nemi yardarta ba. Ya ce ta tafi ta yi zamanta.

Mutumin ya ɗaukaka ƙara. A watan Yuni babbar kotun Ƙwanni ta rushe hukuncin farko. Ta ce a al'ada, baiwar da aka ƴanta matar ubangidanta ce. Magana ta tafi kotun ƙoli a Yamai. A watan Disamba 2006 kotun ƙoli ta soke wannan hukunci, ta maida shari'ar Ƙwanni a sake ta.

Ana cikin haka Hadizatu ta auri wanda take so. Sai mutumin ya kai ta ƙara, wai ta yi aure kan aure. A watan Mayu 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida. Ta yi kamar wata biyu a gidan kaso kafin kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta ce a sake ta. Wanda ya saye ta yana gidansa, wadda aka saya tana kaso.

Da yawa a nan za su ce a bar wa Allah. Hadizatu ta dogara ga Allah, amma ba ta zauna ba.

SHARI'AR YAMAI

A lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO. Ƙungiyar tana da kotu a Abuja. Tun 2005 aka ba talaka dama ya kai ƙasarsa ƙara a wannan kotu, in an take masa haƙƙi. A 2007 Hadizatu ta kai ƙara can. Ba mutumin ta kai ba. Ƙasar Nijar ta kai. Ta ce ƙasa tana da doka, tana da alƙalai, tana da zandarma, amma ba su kare ta ba.

Hadizatu ba ta da kuɗin zuwa Abuja da shaidunta. Sai alƙalan suka taso suka zo Yamai. A watan Afrilu 2008 aka zauna. Shugabar alƙalan mace ce ƴar Mali, Aminata Male Sanogo. Ɗiyar baiwa ta miƙe tsaye gaban manyan ƙasa, ta faɗi abin da aka yi mata da bakinta.

Ran 27 ga Oktoba 2008 aka karanta hukunci. Kotu ta ce babu shakka an bautar da Hadizatu Mani shekara tara. Ta ce alƙalin da aka kawo wa maganar bauta a gabansa, bai kamata ya kau da kai ba. Wajibi ne ya ɗauki maganar da kansa, ya sa a bi laifin. Tun da hukumomi da alƙalai sun ji sun yi shiru, alhaki ya hau kan ƙasa. Aka ce a biya ta diyya miliyan 10 na sefa, wato jikka dubu goma.

Ba duk abin da ta nema ta samu ba. Miliyan 50 ta nema. Amma gwamnati ta ce ta karɓi hukuncin, kuma ta biya. Wannan abin yabo ne, don ƙasar da ta yarda alƙali ya gyara mata kuskure ba ta faɗi ba. Hadizatu ta gaya wa ƴan jarida cewa za ta gina gida, ta sayi dabbobi, ta yi noma, ta sa ƴaƴanta lakkol. A watan Maris 2009 aka ba ta lambar yabo ta mata masu ƙarfin zuciya a birnin Washinton na Amurka.

Shari'arta ta buɗe wa wasu hanya. A watan Mayu 2014 kotu a Birnin Ƙwanni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu don ya ajiye wahaya. A 2019 babbar kotun ƙasa ta rufe shari'ar Hadizatu, ta tabbatar ba a taɓa yin aure tsakaninta da wanda ya saye ta ba, kuma ajiye ta biyar ba ya bisa doka.

WA YA BIYA KUƊIN SHARI'A?

Shari'a tana cin kuɗi. Akwai kuɗin mota daga Ƙwanni zuwa Yamai, tafiyar da ta fi kilomita 400. Akwai lauya, akwai tafinta, akwai takardu, akwai abincin shaidu. Hadizatu ba ta da ko akuya. To, wa ya ɗauki nauyi?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Timidriya ce ta tsaya mata tun daga ƙauye, tare da lauya ɗan Nijar. Wasu ƙungiyoyi biyu na birnin Landan a Ingila suka kama musu. Ɗaya ita ce Anti-Slavery International, wadda aka kafa tun 1839 don yaƙi da bauta. Ɗayar ita ce Interights, ƙungiyar lauyoyi. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba su noma, ba su fatauci. Da gudummawar mutane da ta masu dukiya suke aiki.

Ba da dukiya don a ƴanta mutum ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Kowane ɗan makarantar allo ya san Sayyidina Abubakar ya sa kuɗinsa ya fanshi Bilal daga masu azabtar da shi. Cikin wurare takwas da ake kai zakka, akwai ƴanta bayi. Malamai kuma sun san mata huɗu ne iyaka, kuma aure sai da waliyyi da sadaki da shaidu.

A zamanin nan akwai attajiran duniya da suka ware dukiyarsu don irin wannan aiki. Wanda aka fi sani shi ne Jorj Soros. An haife shi a 1930 a ƙasar Hangari. Yana yaro ya ga yadda sojojin Hitila suke farautar mutane saboda asalinsu, shi ma da ƙyar ya tsira. Ya koma Ingila, daga baya Amurka, ya yi arziki a kasuwar kuɗi. Ya ba gidauniyarsa fiye da dalar Amurka biliyan 32. A shekara ta 2000 aka buɗe reshenta na Afirka ta Yamma a Dakar, mai suna OSIWA, wanda ya yi aiki a ƙasashe da dama har da Nijar.

Abin da suke cewa suna nema shi ne buɗaɗɗiyar al'umma. Mene ne wannan? Shi ne gari inda talaka zai tambayi ina kuɗin haraji ya tafi, ya kwana gidansa lafiya. Inda alƙali ba ya duban rigar mutum kafin ya yanke hukunci. Inda in babba ya yi kuskure, akwai hanyar gyara ba tare da an zubda jini ba. Inda ɗan makiyayi da ɗan sarki da ɗan baiwa suke zama tabarma ɗaya a makaranta.

KAYAN ARO BA YA RUFE KATARA

Amma a yi hankali. Taimakon waje yana da amfani, yana da iyaka kuma.

Na farko, yakan ƙare. Interights ɗin nan da ta tsaya wa Hadizatu ta rufe ƙofa a 2014 don rashin kuɗi. A 2025 Amurka ta rufe babbar hukumarta ta ba da taimako, USAID, ayyuka da yawa suka tsaya a Afirka. Wanda ya dogara ga ruwan rijiyar wani, ran da aka ɗauke guga sai ƙishirwa.

Na biyu, mai ba da kuɗi yakan so a yi maganar da shi ya zaɓa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wasu gwamnatoci suna zargin irin waɗannan gidauniyoyi da tsoma baki cikin mulkinsu. Rasha ta hana gidauniyar Soros aiki a 2015. A 2018 ta kwashe ofishinta daga Hangari, ƙasar haihuwarsa, saboda matsin gwamnati. Wasu suna yabon sa, wasu suna sukar sa.

Saboda haka in wata ƙungiya ta zo gari da mota da takardu, a yi mata maraba, a ba ta ruwa. Sannan a yi mata tambaya huɗu. Wa ya aiko ku? Ina takardarku ta izinin hukuma? Kuɗin daga ina suke? Ran da kuka tafi, me zai saura hannun mutanen gari? Mai gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

A shari'ar Hadizatu baƙi sun kawo kuɗi da sanin doka. Amma ba baƙo ne ya fara maganar ba. Ƴan ƙasa ne suka kafa Timidriya, majalisar ƙasa ce ta yi dokar 2003, Hadizatu ce ta fita daga gidan da ƙafarta, ita ce ta kwana kaso, ita ce ta yi magana gaban alƙalai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA YA CANZA

Zamani ya juya tun daga 2008. Ran 26 ga Yuli 2023 soja suka karɓi mulki, aka dakatar da tsarin mulkin 2010. Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala fita daga CEDEAO. Ran 26 ga Maris 2025 aka fito da sabon kundin sake gina ƙasa, aka rushe jam'iyyun siyasa. Kundin ya maida Hausa harshen ƙasa.

Wato hanyar kotun Abuja da Hadizatu ta bi ba ita ce hanyar yau ba. Nauyi ya dawo kan alƙalan gida, da sarakuna, da malamai, da mutanen gari. Bauta laifi ce a Nijar, ko wa ke bisa kujera. Abin da alƙalan nan suka faɗa a Yamai bai tsufa ba: wanda aka ba amanar doka, in ya ga zalunci ya yi shiru, da shi aka yi.

Tun da Hausa ta samu wannan matsayi, wanda ya koyi karatu a makarantar yaƙi da jahilci yana da abin nema. Ya nemi a fassara masa doka cikin harshensa, ya karanta da idonsa.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Kowane yaro a yi masa takardar haihuwa, namiji ko mace, ɗan gida ko ɗan rugga. Wanda ba shi da takarda, da wuya ya nuna shekarunsa gaban alƙali.

In an ɗaura aure a rubuta shi a ofishin magajin gari. Shari'ar Hadizatu ta yi shekaru a kan tambaya ɗaya: akwai aure ko babu?

Kada a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta ba. In mutum bai iya ba, ya kira wanda ya yarda da shi ya karanta masa, tun daga sama har ƙasa.

Duk takardar da hukuma ko alƙali ya bayar, a adana ta inda gara da ruwa ba su kai. Takardar ƴancin da aka ba Hadizatu don a rufe mata baki, ita ce ta zama shaida cewa an riƙe ta baiwa.

Wanda ya san inda aka sayi yarinya, ko aka riƙe mutum yana kiwo ko noma ba lada don an ce kakansa bawa ne, ko aka hana shi gado ko gona ko rijiya saboda asalinsa, ya kai magana ga zandarma ko ga alƙali. In yana jin tsoro, su tafi su uku ko huɗu. A 2011 aka kafa hukumar taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, ANAJJ. A tambaya a gidan shari'a mafi kusa.

Haƙƙi ba na bayi kaɗai ba ne. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye masu ba manomi takardar gonarsa. Dokar kiwo ta 2010 ta ce yawon kiwo haƙƙin makiyayi ne. Su ma takardu ne marasa ƙafa. Sai wanda ya karanta su ya ɗauke su ya kai inda ake bukata.

Rashin sani ya fi dare duhu. Mutumin da ya iya haɗa baƙi da wasali ya karanta wannan shafi, ya riga ya kama hanya. Ya karanta wa matarsa, ya karanta wa maƙwabcinsa, ya karanta a bakin rijiya.

TAMBAYOYI DON FIRA A MAKARANTA

1. Me ya sa alƙalin farko na Ƙwanni ya ce ba aure tsakanin Hadizatu da wanda ya saye ta?
2. Don me kotu ta ɗora alhaki a kan ƙasa?
3. Wace shekara aka yi dokar da ta sa bauta cikin manyan laifuffuka?
4. Waɗanne tambayoyi huɗu za a yi wa ƙungiyar da ta zo gari?
5. A garinku, yara nawa ne ba su da takardar haihuwa? Wa zai rubuta sunayensu?

A wata mai zuwa, in Allah ya yarda, wannan fili zai yi bayani kan takardar haihuwa: inda ake yin ta, da abin da uba zai yi in lokacin yin ta ya wuce. Wanda ke da tambaya ya rubuta da hannunsa, ya ba malamin makarantarsu ya aiko. Allah ya ba da lafiya da zama lafiya.